Makonni Uku a Solingen

Ruwan Nuwamba na dukan tagar ofis,
a ƙasa injin wasa na kukansa kamar kullum.
Nuray na goge wuƙaƙen yanka burodi,
Dragan na ɗaura musu ƙota.
Wanda ya leƙo daga titi zai rantse lafiya muke.
Ni ce akanta. Ni na san inda ke ciwo.

Shekara ashirin da shida ina riƙe da kundin gidan Vaupel,
tun ana biyan albashi a ambulan.
Bashi hanji ne, yana cikin kowa,
doka ma ta sani, ba ta kama mutum don ya ci.
Tambaya biyu gare ta,
kuma ba ta ɗaga murya.

Ta farko: abin da wa'adinsa ya cika,
kuɗin mai ƙarfe, kuɗin wuta, haraji, albashi,
za ka iya biya da abin da hannunka ke kaiwa?
Ban da wuƙa dubu tara da ke kwance a kwali
suna jiran wani ɗan kasuwa a Lyon ya tuna da mu.
Wuƙa na yanka nama, ba ta yanka bashi.
Na jera abin da ake bin mu a hagu,
abin da za mu iya tarawa a dama.
Giɓin ya fito kashi sha bakwai cikin ɗari.
Da bai kai goma ba, da sai a ce tuntuɓe ne,
a kaɗe gwiwa a ci gaba.
Sha bakwai ba tuntuɓe ba ne.

Ta biyu ta fi sanyi:
ɗora duk abin da kuka mallaka a sikeli,
gini, injina, motar nan mai tari da safe,
ka ɗora bashi a ɗaya gefen. Wa ya rinjaya?
In bashi ne, cire fata na gari ka faɗa mini,
baɗi war haka za ta same ku a tsaye?

Reinhold ya shigo da garin ƙarfe a gira,
ya ce, "Ottilie, jira Kirsimeti,
ba ta taɓa ba mu kunya ba."
Na ce bara ma haka ka ce,
muka biya mai ƙarfe da kuɗin mai katako,
muka biya mai katako da haƙurin banki.
Ya ce, "Injina na aiki. Ji da kunnenki."
Na ce kaza ma takan yi gudu bayan an yanka ta.
Na yi nadama. Na ga inda maganar ta shige shi.

Makonni uku doka ta ba shi, ba na barci ba:
in da mafita ya nemo,
in babu ya taka zuwa kotu da ƙafarsa.
In ya bari suka wuce, ba kamfani kaɗai zai amsa ba,
har shi, har gidansa mai itacen tuffa a baya.
Na daɗe ina kiran wannan rashin imani,
sai na tuna da Jost, mai kawo mana kwali,
wanda gobe zai sake sauke kaya a ƙofarmu
yana zaton za a biya shi.
Duk ranar da muka yi shiru, a aljihunsa muka ci abinci.

Rana ba ta ƙarya.
A ta sha tara ya sa kwat ɗin da ya sa a jana'izar ubansa,
ya ɗauki fayil ɗin da na ɗaure da roba,
ya tsaya a bakin matakala, ya daɗe yana sauraren injin.
Ya ce, "Kada ki faɗa musu. Ni zan faɗa
in na dawo."

Daga taga na ga ya nufi tashar jirgin ƙasa, ba laima.
Na koma tebur.
Akwai rasit ɗin fenti, yuro arba'in da biyu,
da ban shigar ba tukuna.
Na shigar.